An Yi Yaƙi a Garin Nan, Ina Littafinsa?

Kwanakin baya mun halarci wani zaman marubuta a nan Kano, irin wanda ake yi da yamma, kowa ya karanta abin da ya rubuta a yi masa gyara. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 19 ba, ɗaliba, 'yar wani ƙauye a Zamfara, ta miƙe ta karanta gajeren labari daga wayarta. Babu attajiri a ciki, babu jarumi, ko harbi ɗaya ba a yi ba. Labarin wata uwa ce da take kwantar da 'ya'yanta kowane dare da takalma a ƙafarsu, ta ɗaura wa kowanne ƙullin garin kwaki a ƙugu, domin in aka ji rugugin babura ba a tsayawa neman komai. Autan ya saba, har ta kai ba ya iya barci in an cire masa takalmi. Da suka gudo Gusau suka sami ɗaki mai ƙofa da sakata, uwar ta yi juyin duniya ya cire, ya ƙi. A nan labarin ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit. Sai wani dattijo da muke ganin girmansa, wanda ya daɗe ana damawa da shi a harkar rubutu, ya gyara murya ya ce, "'Yata, kin yi ƙoƙari. Amma ina darasin? Wannan ai rahoton jarida ne." Ya ba ta shawara ta ƙara masa ƙarshe, ko dai sojoji su zo su fatattaki ɓarayin, ko ɗaya daga cikinsu ya tuba. Ya ƙara da cewa jama'a na cikin isasshen baƙin ciki, bai kamata marubuci ya riƙa fama musu miki ba. Yarinyar ta rusuna ta ce, "To Baba, na gode," ta zauna. Mu kusan ashirin ne a wajen, babu wanda ya ce uffan, har da mu masu wannan rubutu. Shirun nan ne ya hana mu sakat.

Baba ya yi kuskure, kuma kuskuren ba nasa ba ne shi kaɗai. Namu ne gaba ɗaya, mu da muka yi ƙuruciyarmu a tsakiyar yaƙi a birnin nan, muka fito, muka karkaɗe riga, muka koma rubuta labarin Alhaji mai jirgin sama da 'yar aikin da zai aura a babi na 40.

Eh, yaƙi muka ce. Mun san kalmar tana yi wa wasu nauyi. An fi son a ce "matsalar tsaro", ko "lokacin bama-bamai", ko kuma kawai "abin nan da ya faru". To, bari mu tuna wa juna abin nan da ya faru. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, wajen ƙarfe biyar na yamma, kwanaki kaɗan da kammala zanga-zangar janye tallafin mai, aka kai hari a lokaci guda kan hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishin shiyya ta ɗaya da ke kan titin BUK, da ofishin SSS, da ofishin fasfo na Farm Centre, da wasu caji ofis. 'Yan sanda da bakinsu suka ce mutum 185 ne suka mutu. Ɗakin ajiye gawa na Asibitin Murtala ya cika har ya kasa ɗauka. A cikin mamatan akwai Enenche Akogwu, ɗan jaridar gidan talabijin na Channels, wanda aka harbe yana bakin aikinsa. Mu da muke Nassarawa GRA muna tsakiya, Bompai ta nan, Farm Centre ta can. Gilasan tagogi suka yi ta kaɗawa, iyayenmu mata suka tara yara a lungun da babu taga, aka kashe fitilu, aka kwana ana jin harbi. Gari ya waye da dokar hana fita.

Daga nan abin bai tsaya ba. Afrilun 2012 aka buɗe wa Kiristoci masu ibada wuta a tsohuwar Jami'ar Bayero, har da farfesoshi biyu a cikin waɗanda aka kashe. Ranar 19 ga Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, direbansa da dogarai suka rasa rayukansu, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta hana acaɓa, dubban samari suka wayi gari babu sana'a. Fabrairun shekarar aka harbe mata tara masu allurar shan inna. Maris aka tayar da bam a tashar New Road da ke Sabon Gari. A 2014 aka shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, aka kai hari Kantin Kwari, ranar 28 ga Nuwamba kuma aka far wa masallata a Babban Masallacin Juma'a na cikin gari, fiye da mutum 100 suka tafi. Nuwamban 2015 'yan mata biyu suka tashi bam a kasuwar waya ta Farm Centre. Shekara huɗu cur ana laluben mutum kafin ya shiga masallaci, ana tare tituna da durom-durom da buhunan yashi, mai babur ya sauka ya tura a gaban shingen soja, in ya yi gardama ya sha tsallen kwaɗo. In wannan ba yaƙi ba ne, a faɗa mana sunansa. Kuma Kano gefen wutar kawai ta ɗanɗana. A Borno da Yobe da Adamawa, Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 kusan mutum 350,000 ne suka salwanta, mafi yawansu ba da harsashi ba, da yunwa da cutar da yaƙin ya haifar.

Yanzu mai karatu ya gwada wani abu. Cikin mutum 185 na ranar Juma'ar nan, kawo sunan goma. Sannan ka buɗe wayarka, ka shiga rukunonin WhatsApp da shafukan da ake zuba littattafan Hausa kullum safiya, ɗaruruwa a kowane wata, ka ƙirga nawa ne a cikinsu aka taɓa tsayar da jarumin a shingen bincike. Kano ɗin da ke cikin littattafanmu gari ne da ba a taɓa jin ƙarar bam a cikinsa ba. Motoci na shiga Nassarawa GRA suna fita, maigadi na wangale ƙofa yana washe baki, ba a taɓa tambayar daga wane gari ya gudo ba.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, labarin da ya fara lashe ta shi ne "Sansani" na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Shirin Daɗin Kowa na Arewa24 ya taɓo masu tsattsauran ra'ayi da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, ko da yake yana da kyau mu tuna cewa da kuɗin gwamnatin Amurka aka kafa tashar a 2014. Akwai kuma ɗaiɗaikun marubuta da suka yi ta maza. Amma a ɗora wannan a sikeli ɗaya da girman abin da ya same mu, a ga inda zai rinjaya.

Da Turanci kuwa an rubuta. Helon Habila ya fitar da The Chibok Girls a 2016, Adaobi Tricia Nwaubani ta fitar da Buried Beneath the Baobab Tree a 2018. Elnathan John ya bi rayuwar wani almajiri a Sakkwato cikin Born on a Tuesday. Har Edna O'Brien, tsohuwa 'yar ƙasar Ayilan, ta tako Nijeriya da sandarta ta yi bincike, ta fitar da Girl a 2019 tana da shekara 88. Ba mu ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, wanda ya ga gona babu mai shi ai zai shuka. Abin da ke ci mana rai shi ne tsarin ya tsufa. Baba ta Karo ta zauna da Mary Smith a 1949 da 1950 ta ba ta labarin ƙuruciyarta da Hausa, har da yadda mahara suke afka wa ƙauyuka su kwashi mutane a biya fansa, littafin ya fito a Landan a 1954 da Turanci. Shekara 70 ke nan, har yau mu ne masu ba da labari a tsakar gida, wasu ne masu rubutawa.

To me ya hana mu? Mun ji hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Ta farko tsoro, kuma tsoron gaskiya ne. Wanda bai zauna Kano a lokacin ba ba zai gane yadda mutum ke rage murya a cikin falonsa ba in zai ambaci sunan ƙungiyar. "Mutanen nan" muke cewa, ko "yaran can". An kashe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a Ɗorayi a Afrilun 2007, an kashe Sheikh Albani a Zariya a Fabrairun 2014, an kai wa ofisoshin jaridar ThisDay hari a 2012. Ga kuma tsoron ɗaya ɓangaren, wanda aka fi jin nauyin faɗa: samarin da aka kwashe a samame ba su dawo ba. A rahotonta na 2015, Amnesty International ta ce fiye da mutum 7,000 ne suka mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011. Marubucin da ya yi shiru a 2013 ba mu da bakin zarginsa. Amma yau fa? Shekara goma ta wuce da bam na ƙarshe a Farm Centre. Tsoron ya tafi ya bar mana ɗabi'arsa, muna ta riƙon shirun da dalilinsa ya riga ya mutu.

Kuma in ana maganar tsoro, a tuna da Naomi Adamu da ƙawarta Sarah Samuel, biyu daga cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a daren 14 ga Afrilun 2014. Littattafan rubutun da masu tsaron su suka raba musu don darasi, su suka mayar kundin abin da ke faruwa da su a dajin Sambisa. Su binne a ƙasa, wani lokaci su ɓoye a cikin tufafinsu, suna sane da abin da zai biyo baya in an gani. Da aka sako Naomi cikin 'yan mata 82 a Mayun 2017, da littattafan ta fito. Yarinya a hannun masu bindiga ta sami zuciyar rubutawa, mu da muke bayan katanga mai waya, ga janareta ga kwamfuta, muna cewa lokaci bai yi ba.

Hujja ta biyu ita ce ta tawakkali: abin da ya faru ƙaddara ce, a bar wa Allah, tone-tone ba shi da amfani. Mun yarda da ƙaddara. Amma yaushe rubuta abin da ya faru ya zama jayayya da ita? Malaman farko na Musulunci sun tsaya sun tattara labarin yaƙoƙin zamanin Annabi (SAW), da ranakun nasara da ranar Uhudu, da sunayen waɗanda suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar nan tamu, Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, Abdullahi na Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati, babu wanda ya ɓoye asarar da aka yi a Tsuntsuwa. Nana Asma'u tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. A cikin ƙaura da yunwa da yaƙi ta girma, da ta kawo ƙarfi kuma ta tsara tafiyar gaba ɗaya a waƙar da muka sani da Waƙar Gewaye. Duk wanda zai ce wa 'yar Zamfara ta yi shiru saboda tawakkali, sai ya fara gaya mana ko ya fi 'yar Shehu tawakkali ne.

Mun ma taɓa gwada shirun mun ga amfaninsa. A Disambar 1980 aka yi rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ce mutum 4,177 ne suka mutu. Iyayenmu suna samari a lokacin, da idonsu suka gani. Me suka bar mana? Guntayen hira bayan sallar isha'i, da sunan da ake tsorata yara da shi. Da abin ya dawo da sabuwar riga bayan shekara 30, haka muka tsaya muna kallon juna kamar ba a taɓa yi ba.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi, ita ce ta kasuwa: masu karatu soyayya suke so, sun gaji da jin mutuwa a rediyo. Mu ba ma cikin masu raina littattafan soyayya. Su suka koya wa dubban mata karatun boko a ɗakunansu, kuma marubutansu sun sha wuya a kai, har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna tun tuni cewa za a iya ɗora magana mai nauyi a kan labarin aure. Tambayarmu ita ce, wa ya ce ba a yi soyayya a lokacin yaƙin ba? An yi, mu muka yi ta. Zance ya tashi daga bayan isha'i ya koma bayan la'asar saboda dokar hana fita, saurayi na magana yana duban agogo. An hana acaɓa, mai zuwa zance daga Kurna zuwa Hotoro ya koma lissafin kuɗin A Daidaita Sahu. An ɗaura aure da mutum goma a cikin zaure saboda ana tsoron taro. An kai amarya da rana tsaka babu guɗa. Akwai wadda aka kai lefenta ranar Alhamis, angon ya tafi masallacin Juma'a bai dawo ba. Akwai Bahaushen da yake son 'yar Sabon Gari, iyayenta suka tattara suka koma kudu a cikin mako guda, lambar wayarta ta daina shiga. Akwai matar ɗan sanda da take wanke kakinsa ta shanya a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani. Wane marubucin soyayya ne zai ce waɗannan ba su kai labarin Alhaji mai jirgi ba? Ba mu nemi kowa ya bar soyayya ba. Cewa muka yi a bar shingen soja ya shigo cikin littafin, tunda ya shigo cikin rayuwar masu karanta shi.

Sai maganar Baba, wai ina darasin. A nan ne muka fi saɓawa da shi. Mun gaji wata al'ada tun daga littattafan makaranta, cewa labari sai ya ƙare da mugu ya ga sakayya, mai haƙuri ya dafa dutse. Yaron da ya taso a Zurmi ko Batsari ko Sabon Birni ya ga akasin haka da idonsa. Ya ga an sa wa ƙauyensu harajin noma an biya, ya ga an yi sulhu da wanda ya kashe yayansa, an ɗauki hoto da shi. In ka tilasta masa ya rufe labarinsa da zuwan sojoji, ƙarya ka koya masa, kuma ya san ƙarya ce. Yaron da ba ya iya barci sai da takalmi ya isa labari. Duk wanda ya ji shi a ɗakin nan ya koma gida da shi a ransa, ga shi har yau muna maganarsa. In adabi bai yi wannan ba, me yake yi?

Haka nan a daina cewa yara ne, su bari su girma. Idon yaro yana ganin abin da babba ya daina gani. Babba zai ba ka adadin mamata da sunan gwamnan da ya zo jaje, yaro zai gaya maka cewa a unguwarsu an daina wasan ɓuya an koma wasan soja da ɗan bindiga, kuma kowa ɗan bindiga yake so ya zama domin shi ne mai babur. Fiye da ɗalibai 300 aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, ga 'yan Islamiyyar Tegina, ga Birnin Yauri, ga Kuriga a 2024. Yawancinsu sun dawo, sun iya karatu da rubutu, da yawa suna riƙe da waya a yau. An yi musu hoto da gwamnoni, an yi hira da su ta minti biyu. Wa ya miƙa wa ɗayansu littafi da biro ya ce rubuta yadda ka gani, ba za mu gyara maka ƙarshe ba? Ko a tuna yarinyar nan da ba ta wuce shekara 14 ba, wadda aka ɗaura wa bam aka turo Kantin Kwari a Disambar 2014 ta ƙi tayarwa. 'Yan sanda sun nuna ta ga manema labarai, aka yi kwana biyu ana magana, aka wuce. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gina Shaihu Umar tun 1934 a kan yaron da aka sace aka raba da uwarsa. Mu ga namu a gabanmu da rai, mun kau da kai.

Akwai wani ɓangaren da sana'armu ta sa muke gani, mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta muke cin abinci da rubuta manhaja. Gaskiya ita ce tsararmu ta rubuta yaƙin nan, sai dai a kan ruwa ta rubuta. A 2go muka rubuta, da BBM, da Facebook, da saƙon tes. An rufe BBM na gama-gari a ƙarshen Mayun 2019. OkadaBooks, inda marubuta da dama suka ajiye littattafansu, ta rufe a Nuwamban 2023. Mutane na ɗauka abin da aka sa a intanet ya zauna ke nan har abada. Mu da muke aikin mun san kwamfutar wani ce a wata ƙasa, ranar da lissafin kuɗinsa ya daina fita zai kashe ta. Ga kuma hukuma: a Mayun 2013 an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa, a Satumban 2021 aka katse na Zamfara. Lokacin da abin ya fi tsanani, lokacin ne babu wanda ya iya tura ko kalma ɗaya.

Bara muka buɗe wata durowa a gidanmu muka ci karo da wayar da muke riƙewa a 2012, batirin ya kumbura. Muka kai ta Farm Centre, kasuwar da aka tashi bam ɗin, wani yaro mai gyara ya yi dabararsa ta kawo wuta na ɗan lokaci. Hotuna sun tafi, sai 'yan saƙonni na daren Juma'ar nan. "Yaya kana ina." "Kar ka biyo ta Bompai." "Hajiya ta ce ka kwana inda kake." "Yaya don Allah ka ɗauka." Ƙanwarmu ce ta turo, tana da shekara 13 a lokacin. Yau tana da 'ya'ya biyu, da muka nuna mata ta ce ita sam ba ta tuna ta rubuta ba. Abin da gidanmu ya mallaka ke nan na wannan dare, gidan da kowa a cikinsa ya yi jami'a.

Saboda haka masu rubutu a waya, ku ji wannan daga bakin masu aikin. Rukunin WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Ku fitar da rubutunku ku adana a fayil na rubutu zalla, ku tura wa kanku ta imel, ku ba wani amintacce kwafi, in da hali ku buga a takarda, domin har yau babu manhajar da ta kai takarda tsawon rai. Ku sa kwanan wata da sunan gari. Wanda bai iya rubutu ba a ɗauki muryarsa da izininsa, a rubuta yadda ya faɗa, da karin harshensa na Zamfara ko na Katsina, kada a mayar masa da shi Hausar rediyo. Inda ambaton suna zai jawo wa wani bala'i a canza sunan, a kuma kula da hoto, don sau da yawa yana ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye.

Mu 'yan GRA kuma mu ja kunnen kanmu. Yaƙin ya iske mu, amma da sauƙi. Da abin ya yi zafi wasunmu Abuja aka tura su, wasu Malesiya, wasu Dubai. Haɗarin da ke gabanmu shi ne mu mayar da wahalar wasu jari, mu ɗebi labarin matan Bama da Gwoza da ke bara a bakin danja, mu juya shi da Turanci mai daɗi mu nemi tallafi da shi. Namu labarin za mu rubuta, har da abin kunyar da ke cikinsa: yadda aka riƙa kallon maigadi da almajirin gida da zargi, yadda wasu gidajen suka sallami duk wani ɗan aiki da ya fito daga gabas, yadda muka ji sanyi a rai in an ce harin a wata unguwa ne ba tamu ba. Sauran kuma mu ba su abin da muke da shi, wato wurin ajiya da kuɗin bugu, su faɗa da bakinsu.

A Maris ɗin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani ministan Holan da ke gudun hijira a Landan, Gerrit Bolkestein, ya yi jawabi a rediyo ya roƙi mutanen ƙasarsa su adana wasiƙu da kundin da suke rubuta abin da ke faruwa da su kullum, domin za a tattara bayan yaƙi. Wata yarinya 'yar shekara 14 da ke ɓoye a wani gida a Amstadam ta ji, ta zauna ta fara sake tsara nata. Anne Frank ke nan. Ba ta ga ƙarshen yaƙin ba, amma littafin ya gani. Abin da ya ja hankalinmu a nan shi ne wani babba ya gaya wa yara cewa abin da suke rubutawa yana da daraja, tun wutar tana ci. Ga Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad a kan titin Ahmadu Bello, tafiyar ƙafa daga gidajenmu. Ga Gidan Ɗan Hausa, ga Gidan Mambayya, ga sassan Hausa na jami'o'inmu, ga gidajen rediyon da ake saurare har cikin dajin. Me zai hana ɗaya daga cikinsu ya yi irin wannan shela? Mujallu irin wannan da kuke karantawa su ma su buɗe shafi, su karɓi rubutun da bai ƙare da darasi ba, ko da ƙa'idar rubutunsa ta karkace. Gyaran ƙa'ida aikin awa ɗaya ne.

Bayan an tashi daga zaman nan mun bi yarinyar mun karɓi lambarta, muka roƙe ta ta turo mana labarin. Shekaranjiya ta turo. Ta bi shawarar Baba: a sabon ƙarshen sojoji sun zo da jirgi, an koma ƙauye, autan ya cire takalmi ya yi barci. Muka ce mata, ƙanwata, na farkon muke so, wanda kika karanta. Ta ce a kan wancan ɗin ta yi gyaran, amma tana jin akwai kwafinsa a tsohuwar wayarta, wadda take wajen mai gyara tun kafin azumi.